Giram Takwas a Kan Allura

Daga:
Senami Dansou-Migan,
Jami'ar Sauti, Ɗakin Naɗa,
Gidan Adana Muryoyi na Tokpota,
Porto-Novo.

Zuwa ga:
Mai girma Farfesa Médard Hounyo,
Shugaban Hukumar Gudanarwa,
Gidan Adana Muryoyi na Tokpota.

Kwanan wata: Alhamis, 16 ga Maris, 2023.

GAME DA: Ƙorafi a kan lalata gefe ɗaya na faifan marigayiya Mahoussi Avocè, da roƙon gaggawa na a hana kunna ɗaya gefen a bikin jibi Asabar, 18 ga Maris.

Mai girma Shugaba,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina neman afuwa tun farko saboda na tsallake ofishin da ya kamata takardar nan ta bi. Ƙa'ida ita ce ƙorafin ma'aikaci ya biyo ta hannun Darakta. To, Darakta tana jinya tun watan Janairu, wanda ke riƙe da kujerarta kuwa, wato Mataimakin Darakta Eustache Padonou, shi ne wanda nake ƙara. Shekarata talatin da biyar a gidan nan ban taɓa rubuta takarda irin wannan ba, kuma da ina da mako guda a gabana, da na bi hanya yadda take. Kwana biyu nake da su.

A taƙaice: akwai faifai guda ɗaya tak a duniya mai ɗauke da muryar mawaƙiya Mahoussi Avocè. An riga an kashe gefe ɗaya nasa a cikin gidanmu. An shirya kashe ɗaya gefen jibi, a bikin gabatar da faifan ga jama'a, a gaban baƙi, da kuma gaban 'yar mai muryar. Ga yadda abin ya faru daki-daki.

1. A ranar Litinin, 13 ga Fabrairu, aka kafa sabon garmahon da Hukumarku ta amince a sayo, bayan injin tsohon ya ƙone a watan Nuwamba ya tashi daga aiki gaba ɗaya. Ina roƙon Shugaba ya yi haƙuri in bayyana abu ɗaya na sana'armu, don duk maganar a kansa ta rataya. A ƙarshen hannun garmaho akwai wani ɗan ƙoƙo da muke kira kan allura. Shi ke riƙe allurar da ke bin zanen faifai tana ɗebo sauti. Kan tsohon garmahonmu irin na da ne, allurarsa mai kauri, komai aka ɗora mata tana ɗauka. Ta sabon kuwa siririya ce ƙwarai, tana zaune a bakin wani ɗan tsinke mai laushi, kuma nauyin da aka yarda ta sauka da shi a kan faifai giram biyu ne, babu ƙari. Na auna da ma'auni sau uku. Na rubuta a kwali da manyan baƙaƙe, da Faransanci da kuma harshen Gun, cewa kada a ɗora komai a kan hannun, na manna a murfin garmahon inda ko makaho zai shafo shi.

Ran nan na sa wani faifai da na kunna ya fi sau ɗari a rayuwata, sai ga shi ashe akwai mai buga ƙararrawa na biyu a bayan masu ganga, har da tarin wani tsoho a cikin 'yan amshi. Shi kansa Mataimakin Darakta yana tsaye a bakin ƙofa ya ce, “Tanti Senami, ashe duk shekarun nan da auduga a kunne muke aiki!” Na kawo wannan ne don a san cewa ya ji bambancin da kunnensa, ya kuma karanta kwalin da idonsa.

2. Dole in yi maganar kwandala. Shugaba ya san kwandalar sefa ashirin da biyar da ke manne da salatif a kan hannun tsohon garmaho, wadda duk baƙon da ya zo sai ya ɗauke ta hoto. Kowa a gidan nan zai rantse cewa al'ada ce: wai ba a ta da muryar mamaci hannu sake, sai an ɗora masa kuɗin hanya. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda ke ɗakin ranar da aka fara wannan al'ada. A shekarar 1988 ne, watana uku da fara aiki a ƙarƙashin marigayi Papa Sossa, wanda ya koya mini duk abin da na sani. Sifirin ɗin hannun garmahon ya mutu, allura tana ta tsalle, an rubuta wa ofis har an gaji. Papa Sossa ya laluba aljihu ya ciro kwandala, ni na yanko masa salatif. Bayan 'yan kwanaki wani baƙo mai yawan tambaya ya ce mene ne wannan. Papa Sossa ya ɗaure fuska ya ce, “Ɗana, muryar matattu ba ta fita kyauta. Sai an biya.” Da baƙon ya tafi, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce mini, “Ke dai kada ki tona ni. In ce masa sifirin ne ofis ya ƙi saya? A kore ni ki ciyar da 'ya'yana?”

Na riƙe masa amana. Sababbin ma'aikata suka zo suka tarar da kwandala, suka ɗauke ta gaskiya, wasu har suna ɗiga barasar gargajiya ta sodabi a bakin ƙofar ɗakin kafin aiki. Ban taɓa buɗe baki na gyara ba, saboda abin yana ba ni dariya, yana kuma tuna mini da shi. Wannan laifina ne, na kuma amsa shi a rubuce. Ranar da aka kafa sabon garmaho na auna kwandalar, ta ba ni giram takwas. Na naɗe ta a ƙyalle na ajiye a aljihun tebur.

3. Faifan da ake magana a kai ba irin na kanti ba ne da ake bugawa dubu-dubu. An yanka shi ne kai tsaye a shekarar 1961 a shagon wani mai injin naɗa a Cotonou, mawaƙiya na waƙa injin na zana shi. Farantin alminiyam ne da aka shafa wa baƙin fenti mai laushi, farce ma yana yi masa tabo. Ba a yi na biyu ba. Gefen farko waƙar makoki ce. A gefe na biyu marigayiyar tana kiran 'ya'yanta bakwai ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da kirarinsa. A cikin bakwai ɗin nan mutum ɗaya ce ta rage, Sedami Avocè, da muke kira Maman Sedami don girmamawa, mai shekara saba'in da huɗu, wadda ke zaune a Adjarra. Rabonta da jin faifan tun 1975, lokacin da garmahon gidansu ya lalace. Tun daga nan yana ƙasan akwatin zannuwanta.

Sau huɗu na hau zemijan, wato babur ɗin haya, zuwa Adjarra kafin ta yarda. Sau uku tana ba ni akasa, tuwon masararmu, da miyar kifi, ta yi mini hira, ta sallame ni hannu sake. A na huɗun, ranar Juma'a 24 ga Fabrairu, ta ciro shi da kanta ta ce, “'Yata, ban ba ofis ba, ban ba masu takarda ba. Ke na ba. In wani abu ya same shi, fuskarki zan nema.” Yarjejeniyar da ita da Mataimakin Darakta suka sa wa hannu tana cikin fayil: za a wanke faifan, a bar shi ya bushe, a kunna kowane gefe sau ɗaya tak a ɗakin naɗa ranar Alhamis 9 ga Maris, a kwashe sautin a kwamfuta, a mayar mata da kayanta. A wurin biki, abin da aka kwasa za a sa wa jama'a.

4. Tsakanin 13 ga Fabrairu da 6 ga Maris, na'urar sanyaya ɗakin taro ta mutu, an ɗauke wuta ana tsakiyar ganawa da masu ba da tallafi, sannan mai gadinmu Fofo Zannou ya faɗi da babur ya goge gwiwa. A Porto-Novo, ban san makon da irin waɗannan abubuwa ba sa faruwa ba. Amma sai magana ta fara zagayawa cewa tun da aka cire kwandala gidan bai zauna lafiya ba. Mataimakin Darakta ya kira ni ya ce shi mai ilimi ne, bai yarda da camfi ba, amma ba ya son rigima da ma'aikata, in mayar da ita. Na ba shi labarin Papa Sossa daga farko har ƙarshe. Ya ce, “Tanti, yanzu da tsohon ya mutu ne za ki mayar da shi maƙaryaci?” Na yi masa bayanin giram biyu da giram takwas. Ya ce ya ji.

5. A ranar Talata, 7 ga Maris, ya aike ni Cotonou in karɓo wayar haɗa garmaho da kwamfuta, aikin da kowane direba zai iya yi. Bai gaya mini cewa ya gayyato 'yan wani gidan talabijin su ɗauki hoton tallar biki a wannan ranar ba. Abin da ya biyo baya daga bakin Fofo Zannou na ji shi, kuma ya ce a shirye yake ya maimaita a gaban Hukuma, duk da yana tsoron aikinsa. Da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe Mataimakin Darakta ya buɗe ɗakin naɗa da makullin ajiya, ya ɗauko faifan daga inda yake bushewa. Fofo Zannou ya ce masa, “Patron, Tanti fa ta ce kada a taɓa.” Ya amsa, “Tanti ce Darakta a gidan nan ko ni?” Ya ciro kwandalar daga aljihun tebur, ya manna ta a kan sabon kan allura, a ƙarƙashin kwalin da na rubuta, ya ce wa mai kyamara ya matso ya ɗauki wannan da kyau, al'adar gidanmu ce tun kaka da kakanni.

Muryar ta fito kamar na daƙiƙa ashirin. Daga nan tsinken allurar ya lanƙwashe, sautin ya koma ƙara irin ta jan buhu a siminti. Mai girma Shugaba, a nan ne abin ya fi ci mini rai, kuma ina roƙon a lura da shi. Da ya ɗaga hannun garmahon a wannan lokaci, da asarar ta tsaya a farkon waƙar. Bai ɗaga ba. Ya murɗa sautin ƙasa, ya ce wa mai kyamara ya ci gaba, hoton faifai yana juyawa suke buƙata, ai za su ɗora wani kiɗa a kai. Allurar ta yi ta nome zanen har ƙarshensa, minti uku da daƙiƙa arba'in.

6. Na dawo ƙarfe huɗu na yamma. Na tarar da faifan an mayar da shi inda yake kamar ba a taɓa ba, sai dai a kan garmahon akwai wani baƙin zare a nannaɗe kamar gashin da aka taje. Na ɗaga faifan a hasken taga, na ga farin ƙarfe yana leƙowa tun daga baki har tsakiya. Zaren nan shi ne waƙar. Na tattara shi a ambulan, ban san don me ba, babu wani injin da zai mayar da shi. Daƙiƙa ashirin ɗin da suka fito ma, na nemi hoton 'yan talabijin na saurara, muryar Mataimakin Darakta ce a kai yana bayanin tarihin gidanmu. Ban yi kuka a gaban kowa ba, amma na daɗe zaune a ƙasa.

7. A ranar Alhamis, 9 ga Maris, wato ranar da ya kamata a kwashe sautin, sai takardar tuhuma ta iso ni. An rubuta cewa ni na ba da shawarar sayen “allurar da ba ta dace da faya-fayan ƙasarmu ba”, kuma shekara talatin da biyar ana aiki da kwandala ba a taɓa samun irin wannan ba. Na ba da amsa washegari. Har yau ba a ce mini uffan ba. Ban zo gabanka a kan wannan ba. In an ga dama a sa takardar a fayil ɗina, shekara uku suka rage mini in yi ritaya.

8. Tun ranar 7 ga wata faifan yana kulle a ofishin Mataimakin Darakta, kuma ya hana ni da baki in sanar da Maman Sedami, wai sai bayan biki, kada a ɓata wa baƙi rai. Ta kira ni ranar Lahadi. Ta ce ta kai wa tela zanen da za ta sa, ta ce jikokinta biyu za su taso daga Parakou. Ta ce, “Ni ce ta biyar a jerin. In kin ji ta ce Sedami sau biyu, ba faifan ba ne ya maƙale, haka take kirana.” Sannan ta tambaye ni ko kayanta na lafiya. Na ce layin ba shi da kyau, zan sake kira. Ban taɓa yi wa babba irin wannan ba tun da uwata ta haife ni.

9. A taron ma'aikata na ranar Litinin, 13 ga Maris, Mataimakin Darakta ya sanar cewa a bikin Asabar za a fito da garmahon zuwa ɗakin taro, a kunna gefe na biyu kai tsaye daga faifan, shi da kansa zai ɗora kwandala a gaban baƙi, ni kuma in kwashe sautin ana cikin yi. Ya ce abin da ya faru ranar Talata allura ce mai lahani daga kamfani, ta biyun da ta zo a kwali za ta yi daidai. Na roƙe shi a ba ni faifan minti goma kawai a ɗakin naɗa kafin Asabar. Ya ce tallar da aka yi ta ce jama'a za su ji muryar “karon farko cikin shekara arba'in da takwas”, ba zai mayar da kansa maƙaryaci ba. Na ce to, a ajiye kwandalar a gefen garmaho, a kan farin ƙyalle, a ɗiga mata sodabi, ni ma zan durƙusa in an so. In da gaske kuɗin hanya ne, ai mamaci ba zai ce sai a kan allura ba. Wasu ma'aikata suka yi dariya, dariyar nan kuwa ita ta ɓata komai. Ya buga tebur ya ce, “Ba za a mayar da ni abin wasa a gidan da nake riƙe da shi ba. Yadda aka saba haka za a yi!”

Na fahimci inda ya tsaya. In ya cire kwandalar ranar Asabar, ya amsa ke nan cewa ita ta yi ɓarnar ranar Talata, da hannunsa. Ban ɗauke shi mugun mutum ba. Mutum ne da ya yi kuskure a gaban kyamara, yana kuma fatan allura ta biyu ta wanke shi. Ba za ta wanke shi ba. Giram goma ne za su sauka a kan fenti mai shekara sittin da biyu. Bisa abin da ya faru da gefen farko, daƙiƙa ashirin muke da su, kuma Maman Sedami ita ce ta biyar a jerin.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai girma Shugaba:

(a) ya ba da umarni a rubuce, kafin ƙarshen aikin gobe Juma'a, cewa kada a kunna faifan a wurin biki;

(b) ya sa a fito da faifan daga ofishin Mataimakin Darakta, a kunna gefe na biyu sau ɗaya a ɗakin naɗa, a nauyin giram biyu, a gaban wakilin Hukuma da kuma Maman Sedami in ta amince, ko da wani jami'in sauti za a kira ba ni ba;

(c) ya ba ni izinin zuwa Adjarra in gaya mata gaskiyar abin da ya sami gefen farko, domin ni ta ba, ni ya kamata ta gani;

(d) ya tabbatar babu abin da zai taɓa aikin Fofo Zannou saboda shaidar da ya bayar.

Saura abu ɗaya, kuma gara ka ji shi daga bakina. Jiya Laraba Mataimakin Darakta ya umarce ni a rubuce in sa allura ta biyu, na kuma sa ta a gabansa, na auna, ya sa hannu. Yau da safe, kafin a kulle ɗakin, na zare ta. Irinta babu a Porto-Novo, babu a Cotonou, in an yi oda sai ta yi mako uku a hanya. Na san wannan saɓa wa umarni ne, na san ana korar mutum a kan abin da bai kai shi ba, kuma ba zan yi gardama da duk hukuncin da Hukuma ta yanke mini ba.

Ban sace ta ba, ban kuma ɓoye ta ba. Tana cikin ɗan kwalin ashana da ke manne a bayan takardar nan, naɗe da auduga. Ina roƙon a buɗe a hankali, kada a taɓa bakinta da yatsa. Daga wannan sa'a babu wanda zai iya kunna faifan nan a ƙasar nan sai wanda ka miƙa wa kwalin. In ka ga ya dace a yi yadda Mataimakin Darakta ya tsara, ikonka ne, sai ka ba shi da hannunka. Zan zo ranar Asabar ko an kore ni, in zauna kusa da Maman Sedami.

Ina jiran umarninka, tare da matuƙar girmamawa da biyayya.

Ma'aikaciyarka,

(sa hannu)
Senami Dansou-Migan,
Jami'ar Sauti.

Abubuwan da aka haɗa: kwafin yarjejeniyar 24 ga Fabrairu, kwafin takardar tuhuma da amsarta, hoton gefen farko na faifan, kwalin ashana guda ɗaya.